Fitila A Cikin Akwati: Tarihin Tagar Raga Da Matan Da Suka Juya Ta



A kakar shekarar 2014, a wani gari da ake kira Grand Rapids da ke jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, mutane sun riƙa yin dogon layi domin su shiga wani ɗaki guda ɗaya. Ɗakin nan babu kujera a cikinsa, babu hoto a bango, babu mai jawabi. Abin da kawai ke ciki shi ne wani baƙin akwati na katako da aka rataye daga rufi, wanda tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk ɗaya ne, ƙafa shida da rabi. An huda duk fuskokinsa shida da irin zanen nan na taurari da igiyoyi masu sarƙe juna da muke gani a ƙofofin masallatai da bangon Alƙur'ani. A tsakiyarsa kuma aka saka ƙwan lantarki guda ɗaya tal. Da zarar an kunna, sai inuwar zanen ta fantsama bisa bango da ƙasa da rufi, har da jikin duk wanda ya shigo.

Wadda ta yi wannan aiki sunanta Anila Quayyum Agha, haifaffiyar birnin Lahor ta ƙasar Pakistan. Ta raɗa masa suna Intersections, wato mahaɗa. A gasar da ake kira ArtPrize ta wannan shekara, ita ce ta cinye kyautar ƙuri'ar jama'a ta dala 200,000, sannan ta raba kyautar alƙalai ta wata dala 200,000 da wata mai fasaha mai suna Sonya Clark. Kafin nan ba a taɓa samun aiki ɗaya da ya haɗa kyaututtukan biyu ba tun da aka fara gasar a 2009.

Mai karatu zai iya cewa, to akwati da fitila har wani abin rubutu ne? Ni ma da farko haka na ce. Amma da na bi sawun abin, sai na tarar cewa akwatin nan ɗan ƙarshe ne a cikin wani dogon tarihi da ya haura shekara dubu da ɗari uku, tarihin tagar raga, da kuma tarihin wanda ke zaune a bayanta. Shi nake so mu bi tare a yau.

Tukuna dai, bari mu san irin wannan sana'a. Turawa suna da wani reshe na fasaha da ba zane ba ne da za a rataya, ba kuma sassaƙa ba ce da za a ajiye a kewaya ta. Mai fasahar yakan karɓi ɗaki sukutum ya tsara kaya a cikinsa, ta yadda sai mutum ya shiga da ƙafarsa kafin ya ce ya ga aikin. Wani Bajamushe, Kurt Schwitters, ya fara mayar da ɗakunan gidansa na Hanoba irin haka tun a shekarun 1920, har bom ya rushe gidan a 1943. A 1961 wani Ba'amurke, Allan Kaprow, ya cika farfajiyar wani gida a birnin New York da tsofaffin tayoyi ya ce mutane su hau su taka. Daga shekarun 1970 abin ya samu gindin zama. Ni dai a Hausa ban ga sunan da ya fi dacewa da shi kamar "fasahar jere" ba, domin duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga yadda aka ɗora kwanoni da tasoshi daki-daki tun daga ƙasa har sama, ya san cewa kwano ɗaya ba shi ne maganar ba, ɗakin gaba ɗaya shi ne maganar.

Asalin raga

A tsakanin shekarar 706 zuwa 715 Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina babban masallacin Dimashƙa. A cikin abubuwan da suka rage daga ginin farko akwai wasu tagogi na marmara da aka huda da da'irori da layuka masu ratsa juna. Masana suna lissafa su cikin mafi daɗewar misalan wannan zane a ginin Musulmi. Ba daga sama ya faɗo ba, domin Rumawa da Farisawa suna da irinsa, sai dai a hannun Musulmi ne ya girma ya zama harshe mai zaman kansa. Dalili kuwa sananne ne: tun da ba a sa surar mutum ko dabba a wurin ibada, sai hikimar magina ta karkata ga abubuwa uku, rubutu, da ganye da furanni, da kuma lissafin kusurwa.

Bayan shekara ɗari da sittin da wani abu, Ahmad ɗan Ɗulun ya kammala masallacinsa a Misira a 879, da tagogi 128 na farar ƙasa da aka huda, suna kewaye da ginin ta sama. A Bagadaza kuma, a ƙarni na 10, wani masanin lissafi mai suna Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, ya rubuta littafi musamman domin masu sana'ar hannu, yana nuna musu yadda ake fitar da waɗannan siffofi da mastara da kamfas. Wato ke nan malamin lissafi da kafinta sun zauna a tabarma ɗaya. Abin lura a nan shi ne, duk wannan zama na maza ne. Uba ke koya wa ɗa, maigida ke koya wa yaron shago. Mace tana da nata adon, saƙa da ɗinki da lalle, amma dutse da katako da alƙalamin rubutun ƙawa galibi ba a hannunta suke ba.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, shingen farko da aka yi a cikin masallaci ba domin mata aka yi shi ba. Malaman tarihi da dama sun danganta maƙsura, wato ɗan keɓaɓɓen wuri kusa da mihrabi, ga zamanin Mu'awiya, bayan an kashe halifofi an kuma kai wa shi kansa hari. Sarki ne ke shiga ciki ya yi salla domin tsoron wuƙa. Ashe tun farko raga tana da fuska biyu, tana kare mutum, tana kuma raba shi da jama'a. Wannan fuska biyu ita ce za ta bi ta har zuwa yau.

Wanda ke bayan taga

Daga masallaci raga ta shiga gida. A Alƙahira, zamanin Mamluk da na Usmaniyya, aka shahara da wata irin taga da ke turo kai bisa titi daga bene, wadda ake kira mashrabiyya. Ana yin ta ne da ƙananan guntayen katako da aka murza aka sarƙa su cikin juna. Sunan ya fito daga kalmar sha ta Larabci, saboda a nan ake ajiye tulun ruwa iska ta bi ta kansa ya yi sanyi, ita ma iskar ta shiga ɗaki da sanyinta. Tana rage ƙarfin rana, tana barin iska ta wuce, sannan na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sakin asabari a ƙofar ɗaki ya san wannan dabara. Har yau wanda ya je Alƙahira zai ga irin waɗannan tagogi a gidan Suhaimi, wanda aka fara ginawa a 1648. Alhazanmu da suka taɓa kutsawa tsohon garin Jidda su ma sun ga 'yan'uwansu, waɗanda a can ake kira rawashin.

Marubucin Misira Najib Mahfuz, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1988, ya ɗora littafinsa Bainal Ƙasraini na 1956 a kan irin wannan taga. Tauraruwarsa Amina ta yi shekara ashirin da biyar a gidan miji, duniyarta ita ce abin da take hangowa ta ramukan mashrabiyya. Ranar da mijin ya yi tafiya ta saci jiki ta je ziyarar masallacin Husaini, wanda kullum take hango hasumiyarsa, sai mota ta buge ta. Da ta warke mijin ya kore ta gidan uwarta. Mu da muke rubuta labaran kulle da zaman aure, babu wanda zai karanta wannan bai ji kamar a unguwarsu aka yi ba.

A Indiya kuwa da dutse aka yi ta, ana ce mata jali. Akwai ta a masallacin Sidi Sayyid na Ahmadabad, na wajen 1573, inda aka sassaƙa bishiya da rassanta a jikin dutse kamar leshi. Akwai ta a kewayen kabarin Mumtaz a Taj Mahal. Sai kuma Hawa Mahal na birnin Jaifur, wanda aka gina a 1799, bene hawa biyar mai ƙananan tagogi 953, domin matan fada su kalli bukukuwan titi ba tare da an gan su ba. Wanda ya gina shi, Sawai Pratap Singh, ba Musulmi ba ne, sarkin Hindu ne. Na kawo wannan ne domin a gane cewa ɓoye mata a bayan raga al'adar manyan gidaje ce da ta ratsa addinai. Matar talaka a Alƙahira ko Jaifur ba ta da bene balle mashrabiyya, tana kasuwa ko bakin rijiya.

Yadda Turawa suka ɗauke ta

A ƙarni na 19 abubuwa biyu suka faru a lokaci guda. A Alƙahira masu hali suka fara ƙyamar tsohuwar taga, suna son gilashi da baranda irin na Faransa, ga kuma tsoron gobara. Sai aka riƙa ɓalle mashrabiyya ana sayar wa baƙi suna yin kujeru da labulen katako da ita. A Turai kuma sai sha'awarta ta tashi. Wani Baturen Ingila, Owen Jones, ya je fadar Alhamra ta Andalus a 1834 ya auna zanenta ya kwafe, daga baya ya fitar da babban littafinsa na ado a 1856, wanda masu masaƙu da masu yin takardar bango suka yi ta ɗiba.

Masu zane kuwa ba ragar ce ta dame su ba, matar da ke bayanta suke son gani. Bafaranshen nan Ingres ya zana wata kuyanga kwance tsirara a 1814, alhali bai taɓa taka ƙasar Gabas ba. Delacroix ya zana matan Aljiyas a ɗakinsu a 1834. John Frederick Lewis, wanda ya zauna Alƙahira daga 1841 zuwa 1851, ya ƙware wajen zana hasken mashrabiyya yana sauka bisa tufafin mata. A hannun waɗannan mutane, tagar da aka yi domin kada a ga mace sai ta koma tallar macen. Ita dai har yanzu ba a tambaye ta ba. Mijinta ya ce ta zauna a ciki, baƙo ya zana ta yadda ransa ke so.

Da aka shiga ƙarni na 20 sai Turawan suka juya wa ado baya ɗungurungum. Wani magini ɗan Ostiriya, Adolf Loos, ya yi wata lacca a 1910 inda ya haɗa ado da laifi, yana ganin cewa al'ummar da ta waye ba ta bukatarsa. Daga nan aka raba fasaha gida biyu. Akwai babba, ta maza, wadda ake kai wa gidan tarihi. Akwai ƙarama, wato saƙa da ɗinki da zanen tayil, wadda aka bar wa mata da mutanen da aka mulka. Kalmar "ado" ta zama zagi a bakin masu sharhi, kamar dai yadda kalmar "kasuwa" ta zama a bakin wasu idan suna maganar littattafanmu.

A tsakiyar shekarun 1970 wasu masu fasaha a Amurka, yawancinsu mata, irin su Miriam Schapiro da Joyce Kozloff, suka yi tawaye ga wannan rabo. Suka ce ado ba abin kunya ba ne, suka koma suna nazarin tayil ɗin Maroko da dardumar Farisa. A ƙarshen shekarun Kozloff ta lulluɓe ɗaki guda da tayil da siliki ta kira shi aikin fasaha. Sun buɗe ƙofa, babu shakka. Sai dai su ma daga waje suke leƙowa. Saura a ji daga bakin waɗanda suka tashi a bayan ragar.

Na ciki sun yi magana

Ta farko da zan ambata ita ce Monir Farmanfarmaian, 'yar garin Ƙazwin ta Iran. Ta yi karatu a New York tun a shekarun 1940. Da ta koma gida, a shekarun 1970 ta ziyarci hubbaren Shah Ceragh da ke Shiraz, wanda aka lulluɓe cikinsa da dubban gutsattsarin madubi, ta ga yadda masu ziyara da kukansu da addu'arsu suke rarrabuwa a jikin bango. Wannan sana'a ta yankan madubi ta maza ce, gado daga uba zuwa ɗa. Ta nemi gwanayen ta zauna da su har suka yarda su yi aiki da tsarinta. Juyin juya halin 1979 ya same ta a Amurka, aka ƙwace ayyukanta da dama, ba ta koma da zama ba sai 2004. A 2015 gidan Guggenheim na New York ya yi mata babban baje koli, a 2017 aka buɗe gidan tarihi da sunanta a Tehran. Ta rasu a 2019 tana da shekara casa'in da ɗoriya.

Ta biyu ita ce Shirin Neshat, ita ma 'yar Ƙazwin, an haife ta a 1957. Ta bar Iran tana budurwa, ba ta sake ganin ƙasar ba sai 1990, ta tarar komai ya sauya. A 1998 ta yi wani aiki mai suna Turbulent. Ɗaki ne mai duhu da allon majigi biyu suna fuskantar juna. A ɗaya namiji yana rera waƙar soyayya ga zaure cike da maza suna tafi. Da ya gama, a ɗaya allon sai mace cikin baƙin mayafi ta fara tata, babu kalma ko ɗaya sai murya, kujerun gabanta kuma babu kowa. Mai kallo yana tsaye a tsakiya, ba zai iya ganin duka biyun a lokaci guda ba, dole ya juya wa ɗaya baya. Wato shi kansa ya zama katangar. Ta samu kyauta a babban baje kolin birnin Benis a 1999.

Ta uku ita ce Lalla Essaydi, wadda aka haifa a Marrakish ta Maroko a 1956. Ita lalle ta ɗauka, kayan mata, ta yi rubutun Larabci da shi, aikin maza. Takan rubuce farin ƙyalle da bango da fuska da hannayen matan da za ta ɗauka hoto, har sai mace da ɗaki sun zama shafi ɗaya. Jerin hotunanta na farko da suka yi suna, a farkon shekarun 2000, ta ɗauke su ne a wani gidan danginsu inda a da ake kai 'yan mata su zauna su kaɗai idan sun yi laifi. Daga baya ta sake tsara zanen Ingres da Delacroix, amma matan nata a suturce suke, suna kuma kallon mai kallonsu ido cikin ido.

Akwatin Anila

Yanzu sai mu koma ga mai akwati. An haifi Anila a Lahor a 1965. Lahor kuwa gari ne da ado ya yi wa yawa: ga masallacin Wazir Khan na zamanin Shah Jahan da tayil ɗinsa masu launi, ga masallacin Badshahi da Aurangzeb ya kammala a 1673. Tana da shekara 12 Janar Ziya'ul Haƙ ya yi juyin mulki a 1977, ya riƙe ƙasar har ya mutu a haɗarin jirgi a 1988. A zamaninsa aka kafa dokokin Hudud na 1979, kuma a ranar 12 ga Fabrairun 1983 'yan sanda suka tarwatsa matan da suka fito zanga-zanga a Lahor kan dokar shaida. A cikin wannan yanayi ta yi 'yanmatancinta.

Ta sha faɗa a hirarraki cewa a inda ta tashi masallaci wurin maza ne, mata a gida suke salla. Ke nan mafi kyawun gine-ginen garinsu, inda ake taruwa, inda adon yake, ita daga waje ta san su. Ta karanci zanen tufafi a kwalejin fasaha ta Lahor, ta ƙaura Amurka, ta yi digiri na biyu a jami'ar Arewacin Texas a 2004, sannan ta fara koyarwa a Indiyanafolis a 2008. A can kuma sai ta tarar da wata sabuwar katanga, ta zama baƙuwa Musulma a ƙasar da harin 11 ga Satumban 2001 ya sa ake yi wa irinta kallon tuhuma.

'Yan shekaru kafin ta yi akwatin ta ziyarci Alhamra. Wannan fada Banu Nasar ne suka fara gina ta a Garnaɗa a 1238, mafi kyawun sassanta kuma na zamanin Yusuf na ɗaya da ɗansa Muhammad na biyar ne, a ƙarni na 14. A jikin bangonta an maimaita taken gidan sarautar ba adadi, cewa babu mai rinjaye sai Allah. A 1492 ta faɗa hannun Fardinand da Isabela. A nan Anila ta tsaya a tsakiyar adon da aka hana ta tana yarinya, tare da baƙi daga ko'ina, babu mai tambayar ta ko ita wace ce. Daga zanen wannan fada ta tsara na akwatinta, aka yanka katakon da na'urar leza.

To me ta yi wanda ba a taɓa yi ba? Mu duba yadda mashrabiyya take aiki. Haske yana waje, duhu yana ciki, shi ya sa na ciki ke gani ba a ganinsa. Kowace mace da ta zauna a bayan asabari ta san cewa da dare, idan aka kunna fitila a ɗaki, lissafin ya juye, na waje ne zai gan ta. Wannan shi ne abin da Anila ta yi da gangan. Ta ɗauki fitilar ta saka a ciki, ta bar cikin akwatin babu kowa. Ragar da aikinta shi ne tare ido sai ta koma tana raba haske. Babu sahun gaba babu na baya. Namiji da mace, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, duk zane ɗaya ne ke sauka a rigarsu, kuma inuwar kowa tana shiga cikin zanen ta zama ɓangarensa. Musulmin da ya ga wannan da wuya bai tuna da ayar haske ta cikin Suratun Nur ba, wadda magina zamanin Mamluk suke rubutawa a jikin fitilun gilashi na masallatai. Bayan rasuwar mahaifiyarta ta sake yin wani akwatin, na ƙarfe, ja, mai zanen furanni, wanda aka nuna a Sinsinati a 2017.

Inda gizo ke saƙa

Ba zan rufe ba sai na faɗi abin da na san yana ran wasu masu karatu, domin ni ma yana raina. Duk matan nan da na lissafa, a Turai da Amurka suka yi suna, can ake sayen aikinsu. Bature kuma yana da wani labari da yake son ji game da mace Musulma tun zamanin Ingres, cewa tana cikin kurkuku tana jiran ya zo ya buɗe. Mai fasahar da ta ba shi wannan labari ba za ta rasa kasuwa ba. An yi wa Shirin Neshat wannan zargi, har daga 'yan ƙasarta. Akwai kuma inda ake taɓa abin da ke sosa rai. A watan Janairun 2015, jim kaɗan bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo, an janye wani aiki na Zoulikha Bouabdellah, 'yar asalin Aljeriya, daga wani baje koli a Kilishi kusa da Faris. Sallayu ne ta shimfiɗa a jere, ta ɗora takalman mata masu tsini a inda aka yanke tsakiyarsu. Ta ce ba cin mutunci take nufi ba, maganar matsayin mace take yi. Na yarda da niyyarta, amma ni ban ji daɗin ganin takalmi a wurin goshi ba, kuma ina ganin saƙon ya ɓace a cikin hayaniyar.

Sai dai kuskure ne mu ɗauki wannan mu yi wa kowa kuɗin goro. Kukan Anila ba a kan salla ba ne, a kan ƙofar da aka rufe mata ne. Kuma duk ɗalibin hadisi ya san cewa ya tabbata a Buhari da Muslim Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a hana mata zuwa masallaci, ko da yake wata ruwayar ta nuna ɗakunansu sun fi musu. Har gobe a Makka da Madina mata suna salla a masallatan da suka fi kowanne daraja. Abin da ta tarar a Lahor al'adar wuri ce da ta sa rigar addini. Idan 'yarmu ta ce an hana ta abin da Annabi bai hana ta ba, amsar ba ita ce mu ce Turawa ne suka aiko ta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Hasali ma abin da ya fi burge ni shi ne hanyar da ta bi. Tana da damar ta zagi gidansu a gaban baƙi ta karɓi tafi. Maimakon haka sai ta ɗauko mafi kyawun abin da gidan ya mallaka ta kai tsakiyar Amurka, a shekarar da labarin Musulunci a talabijin ɗinsu bai wuce na 'yan Da'ish ba, mutanen gari kuma suka fito suka zaɓe shi da ƙuri'arsu. Ƙorafinta yana nan a ciki ga mai son ya ji, ba ta ɓoye shi ba, amma da harshen kakanninta ta yi shi.

Wannan darasi ne gare mu marubuta. Shekara da shekaru muna rubuta abin da ke faruwa a bayan labule, auren dole da kishi da saki da zawarci, ana ce mana muna tona asirin gida. Wani lokaci masu faɗar haka suna da gaskiya, domin akwai mai rubutu don ya kunyata. Amma akwai mai kunna fitila a cikin ɗaki don na ciki da na waje su ga juna. Kafin kowannenmu ya ɗauki biro, ya kamata ya tambayi kansa wanne daga ciki yake shirin yi.

Allah ya sa mu dace, ya haskaka zukatanmu da gidajenmu. Wassalam.